Tambaya da Amsa: Rust, ƙauyen da baƙi suka yi wa yawa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Damagaram ce, aure ya kawo ni Jamus, shekarata shida ke nan a Freiburg, da yara uku. Tun da aka ba da hutun makaranta yaran nan suka hana ni sakat, wai sai an kai su Europa-Park, katafaren wurin wasan nan da ke ƙauyen Rust, don duk 'yan ajinsu sun je. Da na lissafa kuɗin shiga na mu biyar, ni da maigida da su, sai na ga abin ya tasam ma Yuro 300, ba a ma zo maganar abinci ba. Na yi zancen da wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ta ce ai wurin na gida ɗaya ne, tun tana da ƙuruciya take zuwa, lokacin kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ta kuma ce wasu daga mutanen ƙauyen da wurin yake sun gaji da shi, ba sa son a ƙara faɗaɗa shi. Malam, me ya kawo wannan tsada? Kuma yaya za a yi mutane su ƙi abin da ya kawo musu arziki har gida? Ko dai hassada ce kawai?

Mai karatu daga Freiburg

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya yaran nan, ya yi musu albarka. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ta fi tsaya mini a rai: a'a, ba hassada ba ce. Amma sai na ba ki labarin wurin tukuna, don tsadar da ƙorafin duk tushensu ɗaya.

Sau biyu na taka ƙafata a Rust. Daga Freiburg tafiyar kusan rabin awa ce a jirgin ƙasa zuwa tashar Ringsheim, wadda yanzu har sunan wurin wasan aka liƙa a jikin nata, daga nan bas ta ɗauke ki. Za ki ratsa gonakin masara shimfiɗe, babu tudu babu kwari, can sai ki hango wani ƙarfe ya tasa sama, ya kere hasumiyar cocin garin. Silver Star ke nan, jirgin majaujawar da aka buɗe a 2002, tsayinsa mita 73. A zuwana na biyu ban shiga wurin wasan ba, cikin gari na yi yawo. Ina tsaye a wani lungu inda wata dattijuwa ke ba furanninta ruwa a bakin taga, sai ga ihun masu hawa jirgin nan ya keto ta saman rufin gidaje, ya lafa, bayan ɗan lokaci ya sake tasowa. Ni na ɗaga kai, ita ko waiwaye ba ta yi ba. A wannan lungun, gida bayan gida akwai allo a ƙofa mai cewa ana saukar da baƙi.

Maƙwabciyarki ta faɗi gaskiya, wurin na zuriyar Mack ne. Asalinsu maƙera ne. A 1780 kakansu Paul Mack ya kafa sana'ar ƙera amalanke da keken doki a Waldkirch, nan kusa da ku. Da tafiya ta yi tafiya suka koma ƙera wa masu wasan kasuwa-kasuwa kekunan kwana da kayan lilo. A 1972 Franz Mack da ɗansa Roland suka je Amurka, suka ga irin wuraren wasan can, suka dawo da shawarar su ma su buɗe nasu, don ya zama musu kamar rumfar baje koli: mai son sayen jirgin majaujawa ya zo ya gan shi yana aiki da mutane a ciki. Suka sami fili a lambun wata tsohuwar fada da ake kira Balthasar a Rust, suka buɗe ranar 12 ga Yuli, 1975. A shekarar farko mutum 250,000 suka zo. Kafin 1978 ta ƙare sun kai miliyan ɗaya a shekara. Zuwa 2024 ana maganar miliyan 6, idan an haɗa da wurin wasan ruwansu, kuma a duk Turai babu wanda ya fi su jama'a sai Disneyland na Paris. Franz ya rasu a 2010. Roland da ƙaninsa Jürgen da 'ya'yansu ke riƙe da wurin, masana'antar Waldkirch kuwa har gobe tana sayar wa duniya jiragen wasa.

Shi kuwa Rust mutanensa ba su kai 5,000 ba. Ki raba miliyan 6 da wannan adadin, za ki ga kowane ɗan gari, har jariri na goye, baƙo sama da 1,000 ne rabonsa a shekara.

To, maganar tsada. A 2019 tikitin babba na yini ɗaya ya ɗan haura Yuro 50. Zuwa 2024 ya wuce 60, a ranakun cunkoso kuma yana kusantar 70. Wani ɓangare na wannan ƙarin ba laifin kowa ba ne a Rust, ke ma kina jin irinsa a kantin cefane. Wurin yana ɗaukar ma'aikata sama da 5,000 a lokacin da kasuwa ke ci, da yawansu masu dafa abinci ne, masu gyaran ɗaki, masu shara, masu tsaron layi, wato mutanen da albashinsu ke motsi duk lokacin da gwamnati ta taɓa mafi ƙarancin albashi. Shi kuwa daga Yuro 8.50 a awa da aka fara a 2015, ya koma 12 a Oktoban 2022, ya kai 12.82 a 2025. Ni ina murna da wannan ƙarin, domin gumin mutane ne, amma dole ya fito daga aljihun wani. Sai wuta da gas. Bayan da Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022 kuɗin makamashi ya yi tashin gwauron zabi a Jamus, hauhawar farashi ta kusa kashi 7 cikin 100 a shekarar. Ki yi tunanin abin da ake ƙonawa kafin a harba jirgi cike da mutane sama, ko a ɗumama tafkunan wanka a tsakiyar hunturun ƙasar nan. A Janairun 2024 kuma harajin abincin da ake ci a gidan abinci ya koma kashi 19, bayan sassaucin kashi 7 da aka yi lokacin korona.

Ga kuma asara. Ranar 26 ga Mayu, 2018 gobara ta cinye wani babban sashe na wurin, har da wani wasan kwalekwale da mutane suka shaƙu da shi shekara da shekaru, sai a 2020 aka gama sake gina shi. A ƙarshen Nuwamban 2019 suka buɗe Rulantica, katafaren wurin wasan ruwa, wanda da shi da otal ɗin da ke jikinsa suka lashe kimanin Yuro miliyan 180. Ko wata huɗu bai cika ba korona ta sa aka garƙame ko'ina. A Yunin 2023 wata gobarar ta sake tashi a sashen Ostiriya.

Amma kada in ɓoye miki, Hajiya, ba duka ne dole ta kawo ba. Akwai tsadar da girma da kansa ke haifarwa, kuma a nan ne nake so ki ɗan tsaya tare da ni.

Har zuwa 1995 Europa-Park wurin yini ɗaya ne: a zo da safe, a koma da yamma, sanyi na shigowa a rufe ƙofa sai bazara. A shekarar ne suka gina otal na farko, El Andaluz. Na biyu ya biyo a 1999, wani a 2004, wani a 2007, wani a 2012, na shida a 2019. Shi otal ba ya hutu. Gadon da ba a kwana a kansa ba daren jiya, kuɗinsa ya tafi ke nan har abada, alhali ma'aikata da wuta da bashin banki suna nan suna jira. Don haka mai gadaje dubbai dole ya nemo dalilin da zai sa mutum ya kwana biyu maimakon ya juya gida, ya kuma nemo dalilin da zai sa ya zo a Disamba. Shi ya sa tun farkon shekarun 2000 suka fara buɗewa da hunturu. Shi ya sa aka gina Rulantica mai rufi, wanda ba ruwansa da sanyi ko damina. Shi ya sa duk bayan 'yan shekaru sai an kawo sabon abu, kamar Voltron da aka buɗe a 2024 a sashen Kuroshiya, domin wanda ya zo bara ba zai sake biyan kuɗin otal don ya ga abin da ya riga ya gani ba. Sabon jirgi ya jawo jama'a, jama'a su buƙaci gado, gado ya buƙaci sabon jirgi. Tikitin da kika lissafa yana biyan wasan yau, yana kuma biyan ginin gobe. Tun da kuma mutane ba su fasa zuwa ba duk da ƙarin, babu abin da zai sa a sauko da shi.

Yanzu ki juya ki dubi wannan lissafin ta idon mutumin ƙauyen. Abin da aka ci riba a kansa, wato cike ranakun da a da babu kowa, shi ne ainihin hutun da garin yake samu. A da sukan san cewa daga Nuwamba zuwa Maris garinsu nasu ne. Yanzu wannan tazarar ta tsuke.

Ba na musun alherin. Rust ƙauyen masunta ne da ƙananan manoma a gefen kogin Rhine, ba shi da wani abin a zo a gani. Yau harajin sana'a da kamfanin ke biya yana shiga asusun garin, matasa suna samun aiki a ƙofar gida, wanda ke da ɗaki biyu na banza ya mai da su masauki yana karɓar kuɗi. Tun 2002 an buɗe wa wurin mafita tasa daga babbar hanyar A5, abin da ya rage motocin da ke ratsa ƙauyuka. Mutanen garin da yawa suna alfahari da wurin, kuma suna da hujja.

Sai dai alherin ba daidai yake sauka a kan kowa ba. Mai gida ya samu, ɗan haya ya rasa. Saurayi da budurwa 'yan asalin garin da ke neman inda za su zauna bayan aure, takara suke yi da baƙon da zai biya a dare uku abin da su za su biya a rabin wata, da kuma dubban ma'aikatan da su ma wurin kwana suke nema. Manomi yana kallon gonar da ubansa ya noma ta zama filin ajiye motoci. Ma'aikaciyar asibiti da za ta fita aiki ranar Asabar sai ta auna lokacin fitarta da lokacin da ayarin motoci ke kwararowa. Ga ƙara, ga hasken dare, ga tambayar ruwan da ake zuƙa daga ƙasa. Wanda ya faɗi waɗannan ba baƙin cikin arzikin wani yake yi ba, gidansa yake magana a kai. Ƙungiyar da mazauna yankin suka kafa, sunanta ma a harshensu ma'anarsa ita ce "yanzu kam ya isa".

Abin da ya fasa ƙurjin shi ne maganar keken igiya. A Nuwamban 2018 iyalin suka bayyana niyyar shimfiɗa igiyar ƙarfe a sama, mai ɗauke da akwatunan fasinja, daga Rust ta haye Rhine zuwa yankin Alsace na Faransa, inda suke da burin gina wasu masaukai da wuraren hutawa. Hujjarsu tana da ma'ana: baƙi da ma'aikata masu yawa daga Faransa suke zuwa, idan suka hau igiya motoci sun ragu, ga kuma zumunci tsakanin ƙasashen biyu. Matsalar ita ce abin da ke tsakani. Taubergießen ke nan, dajin fadama da doka ta keɓe, mai faɗin kusan hekta 1,700, ɗaya daga cikin 'yan ragowar irin dajin da a da ya lulluɓe gaɓar Rhine kafin a miƙe kogin. Na shiga cikinsa a kwalekwalen masunta mai faffaɗan gindi, wanda ake turawa da dogon sanda. Ruwan garau yake, daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa, kina ganin ciyawa tana kwanciya a ƙarƙashinsa da inuwar kifi tana wucewa. Itatuwa sun rufe sama, igiyoyin daji na reto. Mai tura jirgin ya ɗaga sandarsa ya bar mu muna shawagi, babu abin da ake ji sai ɗigar ruwa daga bakin sandar da kukan tsuntsaye. Tsakanin nan da inda ake ihu a kan Silver Star tafiyar ƙafa ce.

Ƙungiyoyin kare muhalli irin su BUND da NABU suka tashi tsaye, mazauna suka mara musu baya, a 2019 kamfanin ya ce ya jingine maganar na shekara biyar. A ɓangaren Faransa ma manoma da masu kare muhalli sun nuna ba su yarda a cinye musu ƙasar noma ba.

Idan ra'ayina kike so, a wannan gaɓar mutanen gari ne ke da gaskiya, kuma iyalin sun yi daidai da suka ja birki. Jirgin da ya ƙone an sake gina shi cikin shekara biyu. Dajin fadama idan aka kafa masa turakun ƙarfe a ciki, babu masana'antar da za ta ƙera wani.

Kasancewar wurin na gida ɗaya yana da amfani a nan, ina kuma ganin yana da haɗari. Amfanin shi ne babu masu hannun jari a wata ƙasa da ke jiran riba duk wata uku. Mutanen da sana'arsu ta haura shekara 240 suna iya haƙurin shekara biyar, sunansu ne a jikin ƙofa, a yankin suke zaune, an san inda za a same su a gaya musu magana. Haɗarin kuma, idan gida ɗaya ne ya fi kowa ɗaukar ma'aikata, ya fi kowa biyan haraji, to duk wanda zai ce a'a a zauren majalisar gari ya san ƙaninsa ko 'yarsa a can suke cin abinci. Ba ina zargin kowa da komai ba ne. Halin ɗan Adam ne, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa nake ganin ƙimar waɗanda suka daure suka yi magana, don su ne suka tuna wa kowa cewa ƙasar Rust tana da iyaka: Rhine da dajinsa a yamma, babbar hanya da garin Ringsheim a gabas.

Su kuwa yara, ni dai da zan ba ki shawara, ki kai su, ko sau ɗaya ne. Wurin yana da kyau, an ƙawata shi da gaske, kowane sashe da fasalin wata ƙasar Turai, ba a banza ba ya sha lashe kyautar wurin wasa mafi kyau a duniya tun daga 2014. Ki sayi tikiti ta intanet tun da wuri, ki duba kalandarsu, domin kuɗin yana bambanta daga rana zuwa rana, ranakun aiki da ba na hutu ba sun fi sauƙi kuma layi ya fi gajarta. Yaron da bai kai shekara huɗu ba ba a biya masa. Ku hau jirgin ƙasa zuwa Ringsheim, kun huta da kuɗin ajiye mota, kun kuma rage wa mutanen garin mota ɗaya. Ki dafa abincinku ki ƙulla, wannan zai sauƙaƙa miki kuɗi da kuma damuwar neman halal. Idan kun sami wata ranar daban, ki ce maigida ya kai ku Taubergießen yaran su shiga kwalekwale.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Bonn. Kusa da mu akwai wurin wasan Phantasialand, na ji an ce shekara da shekaru suna neman su ƙara fili an hana su. Ina ce mai kuɗi idan ya ga fili saye kawai yake yi?

Ɗalibi daga Bonn

AMSA

Barka kadai, ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Na ajiye wasiƙarka kusa da ta Hajiya don 'yan gida ɗaya ne. Phantasialand ma na iyali ne, zuriyar Löffelhardt, an buɗe shi a 1967 a garin Brühl, a wurin da aka taɓa haƙar gawayin ƙasa. Bai kai hekta 30 ba, alhali Europa-Park yana da 95. Ta gefe ɗaya gidajen mutane ne manne da katangarsa, ta wani gefen daji ne da wani ɗan tafki da doka ta keɓe wa namun daji da tsirrai. Can suke son su shiga, kuma an fi shekara 20 ana jan maganar.

A Jamus mallakar fili ba ta ba ka ikon gini a kansa. Sai an sauya tsarin amfani da ƙasa na yanki, sai majalisar gari ta amince da taswirar gini, sai an baje takardun jama'a sun gani sun shigar da ƙorafi, kuma ƙungiyoyin kare muhalli da doka ta amince da su suna da ikon kai ƙara kotu. Kowane mataki yana iya cin shekaru, zaɓe ɗaya kuma yana iya sauya waɗanda ke zaune a majalisar. A kan haka aka yi ta rage girman filin da suka fara nema.

Da faɗi ya gagara sai suka koma yin sama da ƙasa. Suna rushe tsohon wasa su gina sabo a gurbinsa, su haƙa rami su nutsar da hanyar jirgi, su kewaye da dogayen bango masu kama da duwatsu, waɗanda ke ƙawata wuri suna kuma tare ƙara. Idan ka je ka dubi jirgin majaujawar Taron, wanda aka buɗe a 2016, ka ga yadda hanyarsa ke saƙa kanta tana bi ta ƙarƙashin kanta sau da yawa a ɗan ƙaramin wuri. A sashen Rookburgh na 2020 kuwa, jirgin yana wucewa ne ta tsakanin ɗakunan otal, dab da tagogin masu kwana.